Wata tara a hannun tsohon ɗan wasan tanis: abin da na gani a ajin horarwarsa a Jos

Wata tara ke nan da na fara kai 'ya'yana biyu koyon wasan tanis a wani tsohon kulob da ke gefen hanyar Bukuru, kuma a tsawon wannan lokaci iyaye da dama sun tare ni, wani a ƙofar masallaci wani a wurin aiki, suna tambayata ko kuɗin da nake zubawa yana biyan buƙata. Tambaya ce da ba a iya amsa ta a tsaye, domin wurin da ya gyara ɗana mai shekara 14 shi ne ya kusan sa ƙanwarsa mai shekara 8 ta tsani wasan gaba ɗaya, alhali fili ɗaya suke zuwa kuma mutum ɗaya nake biya. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin da idona ya gani dalla-dalla. Ba zan ambaci sunan mai horarwar ba, haka nan kulob ɗin da jami'ar da yake yi wa aiki, saboda a cikin bayanina akwai yabo akwai kuma ƙorafi. Zan kira shi Koci, kamar yadda yara da iyayensu suke kiransa.

Aikinsa na ainihi shi ne horar da tawagar tanis ta wata jami'a, ajin yaran kuwa abu ne da yake gudanarwa a gefe, sau uku a mako. Da muka fara a watan Disamba, Asabar da sassafe ne da kuma yammacin Talata da Laraba, amma da muka nuna masa cewa yawancin yaranmu suna zuwa Islamiyya kuma Alhamis da Juma'a ne kawai hutunsu, bai yi gardama ba ya mayar da darasin yamman zuwa waɗannan ranaku bayan La'asar. Fili biyu ne na siminti da aka shafe da koren fenti wanda ya daɗe da koɗewa, irin gadon da zamanin haƙar kuza ya bar wa wannan gari. Yaran sun kai ashirin idan kowa ya zo, an raba su gida biyu, manya a hannun Koci da kansa, ƙanana kuwa a hannun ɗalibai biyu daga tawagarsa ta jami'a waɗanda yake ba su ɗan abin motar haya.

Ba mutum ba ne mai yawan ba da labarin kansa, sai a hankali na harhaɗa tarihinsa daga 'yan maganganun da yakan yi idan muna jiran yara su gama tattara ƙwallaye. Ya fara ne yana yaro ɗan tsintar ƙwallo, yana gudu a bayan manyan mutane ana ba shi 'yan kwabbai, kuma raket ɗinsa na farko guntun katako ne da ya sassaƙa da kansa yana dukan bango da shi har wani memba ya ji tausayinsa ya ba shi tsohon nasa. Daga nan ya taso ya buga gasar Dala a Kano da gasar Babban Bankin Najeriya, ya yi zaman Legas, ya kuma riƙa tsallakawa Kwatano da Lome da Akra a motar haya yana neman maki a ƙananan gasannin ƙwararru. Ya ce akwai tafiyar da ya fita da raket huɗu ya dawo da biyu, domin sauran biyun su ya sayar ya biya kuɗin masauki da na motar dawowa. Gwiwarsa ta dama ce ta yanke masa wasan, har yau idan sanyin Jos ya sauko za ka ga yana ɗan jan ƙafar. Bayan nan ne ya koma aji yana dab da shekara talatin, ya yi kwas ɗin horarwa a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas, sannan jami'a ta ɗauke shi aiki.

Gaskiya ni da shakku na je. Na sha ganin gwanaye a fannoni daban-daban waɗanda abu ya zauna musu a jiki har ba su san yadda suke yinsa ba, idan ka ce su koya wa wani sai su yi ta cewa "ka yi haka mana", su nuna sau ɗaya, su fusata idan ba a gane ba. Ranar Asabar ta biyu ce ta fara kawar mini da wannan zato. Ɗana ya riga ya shekara yana buga wasan da abokansa ba malami, kuma yana alfahari da ƙarfin sabis ɗinsa, wato bugun da ake buɗe wasa da shi. Koci ya tsaya a bayansa ya bar shi ya buga goma bai ce uffan ba, sannan ya karɓi raket ɗin ya ce: "Ɗan samari, kai riƙon mafici kake yi. Da wannan riƙon za ka ci yaran unguwarku har shekara biyu, daga nan kuma ba za ka ƙara gaba ba ko da taƙi ɗaya." Sai ya juya raket ɗin a tsaye, gefensa yana kallon ƙasa, ya sa masa a hannu ya ce ya riƙe shi kamar mai shirin sara da gatari. Da sabon riƙon, ƙwallo ta farko ta tafi can gefen hagu ta bugi waya, ta biyu ta tsaya a raga, ta uku ma ko taɓa ta bai yi da kyau ba. Yaron ya ɓata rai, idonsa ya kawo ruwa, yana satar kallona. Koci bai lallashe shi ba kuma bai tsawata masa ba, ya dai gaya masa cewa mako shida zai yi yana jin kunya, kuma a cikin makonnin nan an hana shi ƙirga maki da kowa.

Mako bakwai aka yi, ba shida ba. Amma a ƙarshensu sabis ɗin yaron ya fara lanƙwasa a iska yana faɗawa cikin akwatin da aka zana masa a bayan raga, kuma bugu na biyu, wato wanda ake sake yi idan na farko ya kuskure, wanda a da yakan tura shi a hankali kamar mai miƙa wa baƙo ruwa, ya zama abin da abokin karawa yake ja da baya domin tarbarsa. Abin da ya burge ni ba sakamakon ba ne kawai, yadda ya san tun farko tsawon lokacin da abin zai ɗauka da kuma inda yaron zai karaya shi ne ya nuna mini cewa ya bi da mutane da yawa ta wannan hanya. A mako na huɗu, daidai lokacin da yaron ya fara cewa shi zai koma tsohon riƙonsa, Koci ya zana da'ira da alli a ƙasa, kimanin taƙi ɗaya a gaban ƙafarsa ta hagu, ya karɓe raket ɗin, ya ce ya yi ta jefa ƙwallo sama har sai ta faɗo cikin da'irar sau ashirin. Ashe rabin matsalar ba a hannun duka take ba, a hannun jifa take.

Akwai kuma wani sani da ban taɓa jin wani ya yi maganarsa ba sai shi, wato abin da tudun Jos yake yi wa ƙwallo. Garin nan yana kimanin mita 1,200 sama da teku, iskarsa ba ta da kauri kamar ta Legas, saboda haka ƙwallo takan yi gudu fiye da kima, ta yi nisa, ta kuma yi tsalle sama. Dokokin hukumar tanis ta duniya ma sun tanadi ƙwallo ta musamman ga wuraren da suka haura mita 1,219, mu kuwa a bakin wannan iyaka muke zaune. Filin tanis tsawonsa mita 23.77 ne a ko'ina a duniya, amma a nan sai ka ga kamar ya gajarce, domin bugun da zai faɗa ciki a bakin teku a Jos waje yake fita. Saboda haka Koci yake matsa wa yaransa su koyi shafar ƙwallo daga ƙasa zuwa sama domin ta yi juyi ta nutse kafin layi, yana kuma sa a ɗaure musu zaren raket da ɗan ƙarfi. Ya gargaɗe mu tun da wuri cewa duk ranar da yaran suka sauka Abuja za su ji ƙwallo ta yi musu nauyi, bugunsu zai riƙa faɗuwa a tsakiyar fili. Na ɗauka hira ce kawai, sai da na gani da idona daga baya.

A ganina zaman da ya yi a jami'a ne ya mayar da shi malami, ba yawon gasa ba. Ɗan wasan tanis mutum ne da ya saba da kaɗaici, shi kaɗai yake shiga fili, shi kaɗai yake cin riba ko asara, kuma duk wanda ke kusa da shi abokin hamayya ne. Mai horar da tawagar jami'a kuwa ba shi yake zaɓen wanda za a ba gurbin karatu ba, duk wanda ya samu a farkon zango da shi zai yi aiki, daga wanda ya taɓa buga gasar ƙasa har wanda sai da ya shiga jami'a ya fara taɓa raket, kuma da su zai je gasar wasannin jami'o'in Najeriya, wadda aka fara tun 1966 a Ibadan. Wanda ya shekara goma yana wannan dole ya koyi yadda ake bayyana abu ɗaya ta hanyoyi biyar. Wannan ɗabi'a ta biyo shi ajin yara. Kowace Asabar ta ƙarshen wata yakan raba manyan gida biyu su kara da juna a matsayin tawaga, a fara da wasan bibbiyu sannan a yi na ɗaiɗai, irin tsarin da jami'o'in Amurka suke bi, inda ake buga wasan bibbiyu uku domin maki ɗaya da na ɗaiɗai shida, tawagar da ta fara kai maki huɗu ita ta ci. Amfanin wannan shi ne makin yaron da ya fi kowa rauni daidai yake da na gwanin ajin, saboda haka sai ka ga gwanayen sun jeru a bakin waya suna ƙarfafa wa na ƙarshensu gwiwa, maimakon su yi masa dariya kamar yadda aka saba.

Yana da wani littafi mai baƙin bango da ba ya rabuwa da shi, kowane yaro da shafinsa. A ƙarshen kowane zangon karatu sai yaro ya kawo masa sakamakon jarrabawar makaranta kafin ya taka fili, kuma na shaida ranar da ya mayar da wani yaro, wanda kowa ya san ya fi sauran hannu, ya ce ya je ya dawo bayan mako uku da shaidar malamin lissafinsa. Mahaifin yaron ya ji haushi ƙwarai, ya ce shi kuɗin tanis ya biya ba na darasi ba. Ni ma a lokacin na ga kamar Koci ya wuce gona da iri, sai da muka yi wata magana da shi na fahimci inda ya dosa.

Wata Juma'a ce a watan Afrilu, hadari ya haɗu an tashi da wuri, muka fake a ƙarƙashin rumfar kwano. Na tambaye shi kai tsaye ko yana ganin ɗana zai iya zama ƙwararren ɗan wasa ya ci abinci da wasan, domin yaron ya fara manna hotunan manyan 'yan wasa a bangon ɗakinsa. Ya yi shiru yana murza gwiwarsa, sannan ya ce: "Malam, in kana so in faranta maka rai zan iya, amma kuɗinka nake ci, gara in gaya maka gaskiya. Wanda ya fara riƙon daidai yana shekara 14 ya makara ga wannan hanyar." Daga nan ya zayyana mini lissafin. A mafi ƙanƙantar matakin gasannin ƙwararru, in ji shi, dala 15,000 ake rabawa ga dukkan 'yan wasan, wanda ya lashe gasar yakan tashi da abin da ya ɗan haura dala 2,000, wanda aka cire a zagayen farko kuwa ko dala 200 ba ya samu, kuma shi zai biya jirgi da masauki da abinci da ɗaurin raket. Irin waɗannan gasanni ba su da yawa a yankinmu, wanda yake son buga su mako bayan mako sai ya tafi Monastir a Tunisiya ko Sharm el-Sheikh a Masar ya tare a can. Ya ce shi ya yi wannan rayuwa da ƙuruciyarsa, ba kuma zai tura ɗan wani cikinta ido rufe ba.

Hanyar da yake nuna wa yara ita ce ta haɗa wasa da karatu, kuma misalansa na gida ne. Nduka Odizor, wanda ya fara da tsintar ƙwallo a Legas, ta Jami'ar Hustan ya bi kafin ya doke Guillermo Vilas na Ajantina a Wimbledon a 1983, ya kai zagaye na huɗu, ya lashe gasar Taipei a wannan shekara, ya kuma kai na 52 a duniya a 1984. Tony Mmoh da Sadiq Abdullahi, waɗanda suka wakilci Najeriya tare da Odizor a gasar Olamfik ta 1988 a Koriya ta Kudu, su ma sun yi karatu a Amurka. Wanda ya fi yawan ambata kuwa shi ne Bryan Shelton, kuma na lura yana faɗin sunan da wani irin shauƙi, mai yiwuwa domin yana ganin kamannin rayuwarsa a ciki ko da yake tazarar da ke tsakaninsu mai nisa ce. Shelton ya lashe gasar Newport a 1991 da 1992, ya kai na 55 a duniya, ya fitar da Michael Stich na Jamus a zagayen farko na Wimbledon a 1994, sannan da ya ajiye wasa ya koma horarwa a jami'a. Ya kai tawagar mata ta Georgia Tech ga kofin jami'o'in Amurka a 2007, ya kai tawagar maza ta Jami'ar Fulorida ga irin wannan kofi a 2021, kuma ɗansa Ben, wanda ya buga a ƙarƙashinsa a Fulorida ya lashe kofin ɗaiɗai na jami'o'i a 2022, ya kai wasan kusa da na ƙarshe a babbar gasar Amurka a 2023. Koci ya ce mutane sunan ɗan suka sani, amma shi aikin uban ne yake ba shi sha'awa, domin ɗaliban da suka bi ta hannunsa suka fita da digiri sun fi waɗanda suka zama ƙwararru yawa nesa ba kusa ba.

Bai yi mini alkawarin Amurka ba, kuma wannan ya ƙara masa daraja a idona, domin akwai masu karɓar kuɗin iyaye da sunan za su samo wa yaro tallafin karatu a waje. Ya ce masu horarwa a can suna duba bidiyon wasan yaro da sakamakon gasanninsa da wani ma'aunin ƙwarewa da ake kira UTR, wanda ke tashi daga 1 zuwa 16.5, amma kafin duk wannan sai takardun makaranta sun yi kyau, kuma yaron da ya faɗi lissafi da Turanci ba raket ɗin da zai cece shi. Idan hakan bai samu ba, in ji shi, yaron da ya iya wasa zai shiga jami'ar gida ya wakilce ta, ya samu lafiyar jiki da abokai da sana'ar hannu da zai iya koyarwa ko'ina ya je. Abin da yake sayarwa ke nan, wanda kuma yake neman fiye da haka ya nemi wani wurin.

To, ga inda gizo yake saƙa. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma duk lokacin da aikin jami'a ya ci karo da ajin yara, yaran ne suke bari. A watan Mayu tawagarsa ta yi tafiya ya yi mako biyu ba ya nan, ba a sanar da mu ba sai da muka iso fili, ba a kuma rage mana ko kwabo daga kuɗin watan ba. Da na yi magana ya ba da haƙuri ya ce zai rama, ya rama darasi biyu cikin shida, sauran suka bi ruwa. A ranakun da ba ya nan ɗaliban nan biyu ne suke riƙe da yara ashirin, kuma duk da cewa yara ne masu ladabi, sun iya wasa ne ba su iya koyarwa ba. Ɗaya daga cikinsu rabin hankalinsa yana kan wayarsa.

Babban ƙorafina shi ne ajin ƙanana. Ɗiyata ta shiga da murna, mahaifiyarta ta ɗinka mata dogon wando da riga mai dogon hannu da ƙaramin hijabi da ba ya sauka kan kafaɗa, kuma a nan dole in yaba wa Koci domin bai taɓa nuna cewa shigar tata matsala ce ba, har ma yakan ba 'yan matan labarin Ons Jabeur ta Tunisiya wadda ta kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 2022 da 2023. Amma abin da ake yi musu a fili ba koyarwa ba ne. Ana jera yara tara a layi, a jefa wa kowa ƙwallo biyu ya koma baya ya jira, ta yadda a cikin sa'a guda na ƙirga yarinyar ta taɓa ƙwallo sau talatin da 'yan kai, sauran lokacin tana tsaye cikin sanyi tana hura hannu. Mafi muni kuma, da ƙwallon manya ake koya musu a kan cikakken fili. An daɗe da fito da ƙwallaye masu laushi domin yara, ja da ruwan lemo da kore, ja ita ce mafi sanyin gudu kuma a ƙaramin fili ake buga ta, kuma tun 2012 dokar hukumar duniya ta hana shirya wa 'yan shekara goma zuwa ƙasa gasa da ƙwallon manya. A Jos kuwa, inda ƙwallo take ƙara tsalle, abin ya fi tsanani, domin ƙwallon takan tashi ta wuce kan yarinyar, sai ta ɗaga raket sama kamar mai kakkaɓo mangwaro. Wato daidai riƙon maficin da aka sha wahalar cire wa yayanta shi ake dasa mata. Mutumin da ya san wannan duka fiye da ni, kuma shi ya koya mini rabinsa, bai kamata ya bar abin haka ba. Da na tuntuɓe shi ya ce ƙwallayen suna da tsada kuma ba a samunsu a kasuwar Taminus sai an aika Abuja ko Legas. Gaskiya ne, amma ba hujja ba ce ga wanda yake karɓar kuɗi ɗaya daga babba da ƙarami. A watan Yuni yarinyar ta ce ita ta gaji, ban kuwa matsa mata ba.

Wurin kansa yana buƙatar gyara, ko da yake wannan ba laifin Koci ba ne shi kaɗai. Fili na biyu yana da tsaga da ta ratsa kusa da layin baya, da damina ruwa yakan kwanta a wurin sai an bi da tsintsiya da tsumma, da hunturu kuma ƙura takan sa simintin santsi har sai yara sun share kafin a fara. Banɗaki ɗaya ne kuma ƙofarsa ba ta kulluwa, abin da ya isa ya hana iyaye da yawa kawo 'ya'yansu mata. Injin ɗaure raket ɗaya ne, yana kuma ofishinsa na jami'a, saboda haka da zaren ɗana ya tsinke sai da muka yi kwana goma sha ɗaya muna jira.

Game da kuɗi, abin da nake biya wa yaro ɗaya a wata ya yi daidai da abin da nake ba malamin da ke zuwa gida yana koya musu lissafi, kuma ga babban ban taɓa jin an cuce ni ba. Sai dai kuɗin wata shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Takalmi ba ya wuce wata huɗu a kan wannan siminti, zare yana tsinkewa, ƙwallaye suna mutuwa, kuma duk kayan nan da dala ake shigo da su. A nan Koci yana da sauƙin kai, ya hana ni sayen sabon raket mai tsada, ya raka ni da kansa muka zaɓi na gwanjo mai kyau, yana ƙwanƙwasa jikinsa da yatsa yana saurare ko akwai tsaga a ɓoye. Wanda yake da yaro daga shekara 11 zuwa sama, mai son wasan da kansa ba don an tilasta masa ba, kuma mai iya jure gyara, ban san wani wuri a garin nan da zan tura shi wanda ya fi wannan ba. Wanda ɗansa bai kai shekara goma ba kuwa, ya je ya tsaya ya kalli ajin ƙananan na sa'a guda kafin ya biya.

A hutun watan Agusta Koci ya kwashi yara biyar zuwa wata gasar matasa a Abuja, ni ma na bi su. Muka bi ta Akwanga da Keffi, muka isa filayen tanis na babban filin wasa na ƙasa, wanda aka gina domin wasannin Afirka na 2003. Abin da ya faɗa tun watannin baya shi ya faru. Ɗana ya yi ta buga ƙwallo tana faɗuwa a tsakiyar fili, abokin karawarsa yana shigowa yana kashewa, ga zafin da bai saba da shi ba, aka cinye shi zubin farko 6-1 cikin abin da bai fi minti ashirin ba. A zubi na biyu ya fara ɗaga ƙwallon sama da raga sosai kamar yadda aka umarce shi a daren da ya gabata, ya kai 4-4, sannan ya yi kuskuren sabis sau biyu a jere ya faɗi 6-4. Ya fito yana huci ya zauna a ƙasa ya rufe kansa da tawul. Koci ya bar shi har ya sha ruwa ya huce, sannan ya buɗe baƙin littafin ya nuna masa shafinsa, inda ya yi ta jan 'yan layuka yana ƙirga kowane bugu: sabis na biyu goma sha tara, goma sha huɗu sun shiga. Ya ce masa a watan Disamba ko biyar ba za su shiga da wannan riƙon ba, ya tashi ya je ya gaishe da wanda ya cinye shi ya tambaye shi a ina yake atisaye.

Na biya wa babban kuɗinsa har zuwa ƙarshen shekara. Kafin mu baro Abuja kuma na shiga wani shagon kayan wasanni na sayi jajayen ƙwallaye dozin biyu da kuɗina, na miƙa wa Koci a mota, na ce masa ƙanwar za ta dawo idan ya yarda ya raba filin ƙananan gida biyu ya kuma riƙa ba su ko da minti ashirin da kansa a kowace Asabar. Ya juya ƙwallo ɗaya a hannunsa yana matsa ta, ya yi dariya ya ce: "Malam, ka kama ni." Ya ce a ba shi mako biyu ya samo igiyar da zai ɗaura a madadin ƙaramar raga. Asabar mai zuwa ce mako biyun suke cika, kuma yarinyar ta riga ta sa an wanke mata takalminta.